Fagge: Ana Ƙirga Masu Kwana, Ana Manta Masu Wuni

 Yau ba za mu yi nisa ba. Sharhinmu zai tsaya ne a ƙaramar hukumar Fagge, wadda da yawanku ko kuna cikinta yanzu haka, ko kun ratsa ta da safe, ko kuma rigar da ke jikinku a can aka yanko yadinta.

A takarda Fagge 'yar ƙarama ce. Faɗinta murabba'in kilomita 21 ne kacal. Ƙidayar 2006, wadda har yau ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, ta ba ta mutum 198,828. Ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, kuma ɗaya daga cikin takwas ɗin da suka haɗu suka yi ƙwaryar birni, tare da Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Mazaɓunta goma: Fagge A har zuwa Fagge E, sai Kwaciri, Rijiyar Lemo, Yammata, Sabon Gari ta Gabas da Sabon Gari ta Yamma. Shi ke nan, da wannan aka san ta a Abuja, da wannan ake yanka mata kasonta duk wata.

To amma duk wanda ya taɓa tsayawa a Bata ko 'Yan Kura da hantsin ranar Asabar, ya san wannan lissafi bai kama hanyar abin da idonsa ke gani ba. Maganar da nake so mu tattauna ke nan yau: an auna Fagge da ma'aunin da ake auna gundumar karkara, wato mutum nawa ne ke kwana, fili nawa ne gare ta, alhali nauyin da take ɗauka na masu wuni ne. Sannan ayyukan da tsarin mulki ya ce nata ne, yawancinsu ba a hannunta suke ba.

Mu fara da ƙasar kanta. Fagge tana wajen ganuwa ne, da ka fito ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai ka doshi gabas da arewa ka shigo ta. Dala na yammanta, Birni da Kewaye na kudu, Nasarawa na gabas, Ungogo kuma ta tare ta daga arewa. A cikin wannan ɗan fili ne aka cusa Kantin Kwari, kasuwar Singa, kasuwar Sabon Gari da ake kira kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, 'yan canjin Wapa, babbar mayankar Kano da muke cewa Abbatuwa, tashar manyan motocin kudu ta New Road, Asibitin Zana, filin wasan Kano Pillars da Masallacin Juma'a na Waje. Ku sake jin jerin nan, ku tambayi kanku ko akwai wata ƙaramar hukuma a arewacin Najeriya da kuɗi ke juyawa a cikinta kamar wannan.

Abin da ya ɗinke wuraren nan duka, wanda kuma ba a cika kula da shi ba sai ya fusata, shi ne Jakara. Daga cikin birni take fitowa, ta ratsa Fagge, ta bi gefen Sabon Gari, ta wuce ƙarƙashin titin filin jirgi, can gaba ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare har madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Duk kwatar unguwa a cikinta take ƙarewa. Ruwan wankin Abbatuwa, ruwan rini, baƙin man gareji, ledar ruwan da ka sha ka yar a Kwari, duk can suke haɗuwa.

Kuma ga abin da zai ba wasunku mamaki: har yanzu ana noma a Fagge. Ku bi ta Kwakwaci da sanyin safiya cikin rani. Za ku ga fangali-fangali na latas da alayyafo da kabeji da albasa mai lawashi, kore shar, a tsakanin gidajen bulo da ke matso su kowace shekara. Za ku ga manomi ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya sa bakin tiyo a cikin ruwan da ya yi baƙi ƙirin yana kumfa, ɗan injin ban-ruwa na ta tari, ruwan na bin ƙananan hanyoyin da ya tona da fartanya. Kafin rana ta ɗaga an yanke ganyen, an ɗaure shi dami-dami, an ɗora a bayan A Daidaita Sahu, ya nufi 'Yan Kura. Da azahar yana cikin kwanon wani a matsayin kwaɗo. Masana a jami'o'inmu sun daɗe suna gwada ruwan Jakara suna gargaɗi a kan guba irin ta ƙarfe da ke cikinsa. Manomin kuwa ba shi da wani ruwan, kuma ba laifinsa ba ne da birni ya mayar da rafin kakanninsa kwata. Wannan ma Fagge ce, kuma shi ma ɗan ƙaramar hukumar ne kamar mai shago a Kwari.

Yaya aka yi wuri ɗaya ya tara wannan duka? Tarihi ne ya jibge shi hawa-hawa. Masana tarihi da dama na danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Zango ce ta fatake, inda Buzaye da Azbinawa ke sauke raƙumansu da gishiri da kanwa, su huta, su shiga Kurmi su yi ciniki, su fito. Wato tun ran gini, Fagge masaukin baƙo ce. Wanda bai samu shiga birni ba kafin a rufe ƙofa, a nan yake kwana.

Turawa suka ci Kano a 1903. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ga sabbin baƙi: akawuna, ma'aikatan jirgin ƙasa, masinjoji, 'yan kasuwa daga ƙasar Yarbawa, Nufawa, mutanen Saliyo da na Gana, daga baya kuma Ibo da yawa. Wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari, da tituna miƙaƙƙu a jere kamar an ja su da zare. Sunayen titunan kaɗai sun isa su ba ka labarin waɗanda suka zauna: Yoruba Road, Igbo Road, Warri Road, Abeokuta Road, Gold Coast Road, Enugu Road. Shi kansa titin France da kowa ya sani, ba ƙasar Faransa ake nufi ba, sunan wani mutumin Gana ne da ya shugabanci al'ummar Sabon Gari a zamanin Turawa. Kwarori kuma, 'yan Labanan da Siriya, aka ba su Fagge ta Kudu, suka buɗe kantunan yadi a ƙasa suna kwana a sama. Waɗannan kantuna ne suka rikiɗe suka zama Kantin Kwarin yau, bayan 'yan kasuwarmu sun karɓe harkar.

Ku lura da wani abu a nan, domin yana da nasaba da matsalar yau. Sabon Gari ta yi shekaru kusan talatin ba ta ƙarƙashin Sarkin Kano. Baturen gari ne ke riƙe da ita kai tsaye, da kotunta daban da dokarta daban, sai a 1940 aka mayar da ita ƙarƙashin En'e, aka haɗa ta da Fagge da Tudun Wada da Gwagwarwa a matsayin yankin Waje, ƙarƙashin Wakilin Waje. Unguwanni biyu da titi ɗaya ya raba, amma aka raine su a gida biyu. Wani lokaci maƙwabtakar ta haifi alheri: a Sabon Gari aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, kuma cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai Abba Maikwaru na Fagge da Bello Ijumu, Bayarabe mazaunin Sabon Gari. Wani lokaci kuma ta haifi baƙin ciki: rikicin Mayun 1953 a tsakanin unguwannin nan biyu aka yi shi, na 1966 ya fi shi muni, aka sake a Oktoban 1991. Allah Ya kiyaye gaba. Ita ƙaramar hukumar Fagge da muka sani yau, a 1996 aka ƙirƙiro ta, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta kai adadin ƙananan hukumomin ƙasar nan 774.

To yanzu mu dawo kan mutane, inda nan ne gizo ke saƙar.

Ƙidayar Maris ɗin 2006 an yi ta ne mutane na zaune a gida. An taƙaita zirga-zirga, kasuwanni a rufe, malaman ƙidaya na bi gida-gida suna shafa wa mutane tawada a yatsa. Mai shago a Kwari da ke kwana a Rijiyar Zaki, Ungogo ta samu shi. Mai sayar da shinkafa a Singa da ke kwana a Sheka, Kumbotso ta ɗauka. Ɗan dakon da ya zo cin rani daga Kazaure ko Ɗambatta ya koma gida aka ƙirga shi a can. A Sabon Gari ma mutane da dama sun kulle ɗakunansu sun tafi garuruwansu na asali don a ƙirga su a can, kamar yadda aka saba duk lokacin ƙidaya. Abin da ya rage shi aka rubuta wa Fagge. Shekara kusan ashirin ke nan, yaran da aka haifa a makon ƙidayar yau wasunsu na da shaguna, ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta.

Ko da wannan tsohon lissafin ma, kowane murabba'in kilomita ɗaya na Fagge na ɗauke da mutum sama da 9,000. Wannan na dare ne. Na rana fa?

Ku zo mu tsaya a bakin Kwari da misalin ƙarfe goma. Motocin Maraɗi da Damagaram sun sauke fasinja tun asuba. Ga mata 'yan sari daga Maiduguri da Yola da Sakkwato, kowace da jaka a rungume a ƙirji. Ga 'yan Chadi da Kamaru sun fito daga Wapa sun canza sefa. Ɗan dako ya ɗauko dilar atamfa wadda ta fi shi nauyi, ya sunkuya, wuyansa na rawa, yana ta "hanya, hanya", mai baro na biye da shi, mai A Daidaita Sahu ya toshe layin yana ciniki da fasinja. Mai shayi ya wanke kofunansa ya watsa ruwan a titi. Mai abinci ta kafa tukunya a kan murfin kwata. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan zai sha ruwa a yau, zai yar da leda, zai nemi bayan gida, zai taka titi, wani zai faɗi a kai shi asibiti, wani a yanke masa aljihu a tafi ofishin 'yan sanda. Da magariba su watse, su bar wa Fagge shara. Babu ɗayansu da ke cikin lissafin da ake raba kuɗi da shi.

Ga yadda rabon yake. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Wajen raba musu, kaso mafi tsoka raba-daidai ake yi, sai a duba yawan jama'a, a duba faɗin ƙasa, da wasu 'yan ma'aunai. Ku ɗauki Doguwa, can ƙarshen kudancin jihar nan. Faɗinta ya ninka na Fagge kusan sau 70, mutanenta a 2006 sun ɗan haura 150,000. Ma'aunin faɗin ƙasa ya yi wa Doguwa adalci, kuma ta cancanta, domin kai allurar rigakafi ko gina aji a ƙauyen da ke bayan dutse ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Ba na jayayya da wannan ko kaɗan. Abin da nake cewa shi ne babu wani ma'auni a cikin tsarin da ya san da zaman cunkoso. Fagge ta zama kamar uwargidan da ake ba kuɗin cefanen mutum biyar, alhali kullum mutum hamsin ke wanke hannu a gidanta.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan wuri ba. A tsakiyar Landan akwai tsohon gari mai faɗin kimanin murabba'in mil ɗaya, inda bankuna suke. A ƙidayar 2021 masu kwana a cikinsa ba su kai 10,000 ba, masu shigowa aiki kullum sun haura rabin miliyan. Su Turawan Ingila ba su yi kamar ba su gani ba. Hukumar ƙidayarsu na fitar da lissafi biyu, na mazauna da na masu wunin aiki, kuma a wannan yanki har kamfanoni na da ƙuri'a a zaɓen majalisar gari. Ban ce mu kwafo tsarinsu ba, ƙuri'ar masu kuɗi ba abin sha'awa ba ce a wurina. Amma ƙirga masu wuni ba gagarau ba ne, an yi a wani wuri.

Wani zai ce, to ai Fagge ba ta buƙatar Abuja, kuɗin kasuwanninta kaɗai sun ishe ta. Da haka ne da mun huta. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kafa kasuwanni da kula da su, tashoshin mota, mayanka, bayan gidan jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa da ƙananan tituna, maƙabartu, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, harajin gidaje, lasisin baro da amalanke, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya matakin farko. Yanzu ku ɗauki jerin nan ku zaga Fagge da shi. Kantin Kwari na da hukumar gudanarwarta, gwamna ke naɗa shugabanta. Kasuwar Sabon Gari haka. Sauran ma na hukumomin jiha ne: shara ta REMASAB ce. Titi na KAROTA ne. Izinin gini na KNUPDA ne. Manyan haraji na hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ne. Me ya rage wa sakatariya? 'Yan rasiɗan masu tebur da masu baro, takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da biyan albashi. Harajin kai da jangali, waɗanda a da su ne ƙashin bayan En'e, marigayi Abubakar Rimi ya soke su tun 1979, kuma talaka bai yi kukan rabuwa da su ba.

Gaskiya ɗaya ce, jiha na da hujjarta, kuma ba hujjar banza ba ce. Kwata ba ta san iyakar Dala da Fagge ba. Titin Murtala Muhammad bai tsaya a inda ƙaramar hukuma ta tsaya ba. Birni mai miliyoyin mutane ba zai yiwu a yanka shi takwas kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari a Maris ɗin 2016, wadda ta cinye shaguna kusan 3,800, ta fi ƙarfin kowane ciyaman. Mayar da 'yan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024 ma ba aikin kansila ba ne. Na yarda da wannan duka.

Inda ban yarda ba shi ne a karɓe aiki da kuɗinsa, a bar wa ƙaramar hukuma zagi. Ku tuna damunar 2022, lokacin da ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin yadi na miliyoyin naira. Kowa a kasuwar ya san dalili: an yi gini a kan hanyoyin ruwa, an toshe layuka da shagunan wucin gadi. A ƙarshen watan Agustan shekarar kuma bene ya rufta a titin Beirut, aka rasa rayuka. Wa ya ba da izinin gine-ginen? Wa ya kamata ya hana? Idan talakan Fagge ya je sakatariya a ce masa na jiha ne, idan ya je ma'aikatar jiha a ce ya koma wurin ciyaman ɗinsa. Aikin da ke da iyaye da yawa, ranar da ya lalace maraya ne. Kuma mutumin Kwarin Gogau ko Yammata da ruwa ya shiga ɗakinsa da tsakar dare, ba shugaban wata hukuma ya sani ba. Kansilan da ya zo neman ƙuri'arsa ya sani, shi kuwa kansilan ko kuɗin yashe kwata ɗaya ba ya iya sa wa hannu.

Sai maganar asusun haɗin gwiwa, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada. Kuɗin ƙananan hukumomi na sauka ne a hannun jiha, a cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire na fansho da na masarauta da na ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya saura a miƙa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. An yi ta murna a gidajen rediyo, har da wannan. Aiwatarwar kuwa ta yi ta tafiyar hawainiya a faɗin ƙasar.

Kuma ko kuɗin sun zo kai tsaye, wa za su tarar? A zaɓen ƙananan hukumomi na Janairun 2021, jam'iyyar APC mai mulkin jiha a lokacin ta lashe kujerun ciyaman 44 duka. A na 26 ga Oktoban 2024, jam'iyyar NNPP mai mulki a lokacin ta lashe 44 duka, da kujerun kansila 484. Jam'iyya ta canza, sakamako bai canza ba. Ba a Kano kaɗai ake haka ba, kusan kowace jiha ce. Amma a wuri irin Fagge abin ya fi fitowa fili, domin duk wanda ya san siyasar Fagge A da ta Sabon Gari ta Gabas ya san ba su taɓa zama bakinsu ɗaya a kan komai ba. Ciyaman ɗin da ya san ba ƙuri'ar unguwa ce ta kawo shi ba, ba unguwa zai riƙa waiwaya ba.

Bari in ɗan tsaya a kan Sabon Gari, domin mu Hausawa mukan yi maganarta kamar wata ƙasa ce daban. Mazaɓu biyu ne cikin goma na Fagge. Akwai gidajen da kakan ya zo da jirgin ƙasa kafin a haifi yawancin masu saurarena, uban a Kano aka haife shi, jikan Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, Pillars yake goyon baya, in ya je garin da ake ce masa nasu baƙo ne. Yana biyan kuɗin shago, yana biyan haraji, yana zaɓe a nan. Amma ranar da ya nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma don shiga jami'a ko aikin gwamnati, sai a ce ya tafi can. Wannan ba Fagge ta ƙirƙiro shi ba, haka ake yi wa Bahaushen da aka haifa a Sabo ta Ibadan ko a Inugu, kuma gyaransa na ƙasa ne baki ɗaya. Sai dai akwai abin da ba ya jiran gyaran tsarin mulki. Gida ɗaya a Sabon Gari, wanda aka zana don iyali ɗaya a zamanin Turawa, yau ɗakuna ne jere kowane da iyali, bayan gida ɗaya ko biyu. Famfo ya daɗe da zama ado, 'yan garuwa ke riƙe da unguwar, kamar yadda suke riƙe da Fagge da Rijiyar Lemo. Kwatar da ta cika a titin Warri, sauronta ba ya tambayar asalin kowa kafin ya tsallaka Fagge. An gyara wasu titunan a 'yan shekarun nan, a yaba wa wanda ya yi, amma lungunan ciki na nan yadda suke.

Kada kuma a ɗauka cewa talaucin hidima na Sabon Gari ne kaɗai. Ku shiga makarantun firamaren gwamnati a Kwaciri ko Rijiyar Lemo ku ƙirga yaran da ke aji ɗaya. Arewacin ƙaramar hukumar nan gari ne da ya tashi da kansa, gonaki suka zama filoti, filoti suka zama gidaje, ba a bar wa makaranta ko asibiti ko hanyar ruwa wuri ba. Masu unguwanni da dagatai sun san kowane lungu, su ake tasa da dare in an yi faɗa ko an tsinci yaro, amma ba a cika neman shawararsu ba sai an zo rigakafi ko rabon gidan sauro.

To me ya kamata a yi? Ni a ganina, abu na farko mai sauƙi ne, ba ya buƙatar Abuja: a manna lissafi a bango. Duk wata, abin da ya shigo wa Fagge daga asusun tarayya, abin da aka cire, abin da ya saura, da abin da aka yi da shi, a rubuta da Hausa da Turanci a liƙa a sakatariya da ofishin kowace mazaɓa, a karanto a rediyo. Ofishin Akanta Janar na ƙasa na wallafa kason kowace ƙaramar hukuma, saboda haka rabin lissafin ba sirri ba ne, ɗaya rabin ne ake ɓoyewa.

Majalisar dokokin jiha kuma ta yi doka bayyananna: cikin duk naira da aka tara a Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari, wani kaso sananne ya koma unguwannin da ke kewaye da su, a ɗaure shi ga kwata da shara da ruwan sha, ba ga sayen motocin ofis ba. In jiha za ta ci gaba da riƙe kasuwannin, ta riƙe, amma maƙwabcin kasuwa da ke shaƙar ƙurarta ya ga amfaninta a ƙofar gidansa. Duk ranar da aka tashi yin ƙidaya kuma, shugabanninmu su nemi a tambayi kowa inda yake wuni, ba inda yake kwana kaɗai ba. Mazauna Sabon Gari, ku ma ku zauna a ƙirga ku a inda kuke shan ruwa. Wanda ya tafi garinsu ranar ƙidaya ya rage wa titin da yake takawa kullum kuɗin gyara.

Ku kuma 'yan kasuwa, Alhazan Kwari da na Singa, kuna da ƙungiyoyi masu ƙarfi, gwamna na ɗaga wayarku. In kun shiga gidan gwamnati kan maganar haraji ko rumfuna, ku sa maganar magudanan Fagge a cikin takardar, domin ruwan da ya ci ɗakin talaka a Kwarin Gogau shi ne zai kwana a sitonku.

Kai kuma mai sauraro da ke zaune a ɗaya daga cikin mazaɓun nan goma, kana da kansila. In ba ka san sunansa ba, tambayi mai unguwarku yau. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku same shi cikin mutunci, ku tambaye shi nawa aka turo wa Fagge a watan jiya, kuma nawa ne ya iso mazaɓarku. In ya ce bai sani ba, ku ce ya je ya tambayo, za ku dawo mako mai zuwa.